Ƙahon Akuyar Malam Sabo

Wata Juma'a ce lokacin cirar gyaɗa, shekarar da nake aji biyar a firamaren ƙauyenmu da ke gefen Kademi. Hantsi ya dubi ludayi tuni, saura bai fi rabin awa a buga ƙararrawar tashi ba, ni kuwa ina tsaye ni kaɗai a tsakiyar filin makaranta, ƙahon akuya rataye a wuyana da igiyar rama. Duk inda na nufa sai yara su watse. Masu 'yar gala-gala su bar zanensu a ƙasa, masu carafke su kwashe duwatsu su toshe baki da gefen hijabi suna dariya ta hanci. Har Sani Dogo, wanda bakinsa ba ya hutawa ko a cikin sahu, a ranar nan da hannu yake yi min magana. Ƙahon bai fi tsawon yatsa ba, amma igiyar ta yi baƙi ƙirin saboda gumin wuyan yara, kuma tana ƙaiƙayi.

Malam Sabo, malamin Turancinmu, shi ya kawo wannan doka. Daga aji huɗu zuwa shida, muddin ƙafarka na cikin harabar makaranta, Turanci za ka yi. Wanda ƙaho ke wuyansa aikinsa kasa kunne. In ya ji ka yi kuskure, sai ya faɗi yadda ake faɗa daidai a gaban shaida ko da mutum ɗaya ne, sannan ya cire ya rataya maka. In bai san gyaran ba, ƙaho na nan a wuyansa. Wanda kuma ƙararrawar Juma'a ta riske shi da shi, bulala shida ce a tafin hannu, a gaban makaranta kaf. Malam yakan ce, "Abin da ka gyara wa wani da bakinka ba ka mantawa da shi." Ba zan tauye masa haƙƙi ba, dabarar ta yi aiki. Kurakuran namu kullum su ne dai: mu ce "she go" a inda ake cewa "she goes", baki ya yi sauri mu kira mace "he", mai fita ya ce "I am coming" alhali ƙeya ya ba mu. Har yau babu ɗaya daga cikin gyare-gyaren nan da ya kuɓuce min.

Ni ce zakarar ajin a Turanci, kuma na san haka, kaina ma ya ɗan kumbura. Tun da aka kafa dokar tsumagiya ba ta taɓa hannuna ba. Da safiyar nan ne tsautsayi ya sa na ce wa wani yaro "borrow me your biro". Yaron da ƙaho ke wuyansa, wanda ko sunansa ba ya iya rubutawa a miƙe, ya daka tsalle ya ce "lend me", ya zuba min igiya a wuya, ajin ya ɗauki shewa. Ba zafin bulalar nake tsoro ba sosai. Abin da ya tsaya min a rai shi ne a ce ni Rabi ma an dake ni.

Falmata kuwa danga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu. Kakanninta daga gabas suka zo tun da daɗewa, kakarta ma in ta fusata da Barbarci take faɗa. Tare muke ɗebo ruwa a rijiyar bayan gari, tare muke kalar gyaɗa a gonakin da aka gama cira, mu tara a ƙasan zane mu gasa a toka, tare muke kai wa awaki harawa da yamma. Ban taɓa ganin wanda yake son Turanci kamar Falmata ba. Da shi take korar kaji daga shanya, da shi take yi wa tunkiyarsu faɗa, rabinsa a karye, ita ko a jikinta. In na gyara mata sai ta ce, "To Malama, sake faɗa in ji," ta maimaita tana rausaya kai. Wannan rashin tsoron ne ya sa ƙaho ya san wuyanta fiye da na kowa. Sau biyu aka dake ta a zangon nan. A na biyun hannayenta suka kumbura, ta yi kwana uku ba ta iya ɓarar gyaɗa ba. Ina tsaye a tsakar gidansu mahaifinta, Baba Modu, ya juya tafin hannunta ya duba, ya ce, "Karatu na kai ki, ban kai ki a nakasa min ke ba. In aka sake, kin bar zuwa ke nan." Baba Modu ba ya maimaita magana, kowa a unguwa ya sani. Ni da kaina na ba ta shawara, duk ranar Juma'a ta koma bayan aji ta kama bakinta har a tashi.

Saboda haka na san inda zan same ta. Na yafuto Sani Dogo ya biyo ni daga nesa, don a samu shaida. Wannan shi ne abin da ya fi damuna har yanzu, domin ba suɓutar baki ba ce, shiryawa na yi. Tana zaune a inuwar bango tana zane a ƙasa da tsinke. A makon nan mahaifiyarta na kwance da zazzaɓi mai zafi, ko ruwa ba ya zama a cikinta. Na durƙusa kusa da ita, na sassauta murya, na tambaye ta da Turanci yadda jikin Iya ya kwana. Ta ga ƙahon a wuyana sarai. Amma ni ce, kuma maganar mahaifiyarta ce, sai idanunta suka kawo ruwa ta ce, "She didn't slept." Na miƙe na ce, "She didn't sleep," da ƙarfi yadda Sani zai ji. Ta daɗe tana kallona. Ba ta yi musu ba, ba ta gudu ba. Da na ciro igiyar sai ta sunkuyar da kai don in ji daɗin rataya mata.

Aka buga tsohon wilin motar da ke rataye a jikin darbejiya, muka yi sahu. Ta miƙa hannu ta karɓi shida ba ta yi kuka ba, ni ce ma na kasa kallo daga ta uku. A hanyar gida ta yi gaba, hannayenta a cikin hijabi. Ranar Litinin wurinta a benci babu kowa. Malam Sabo ya je har gida ya ba da haƙuri, hedimasta ma ya je, Baba Modu ya shimfiɗa musu tabarma, ya ba su ruwa, ya ce ya riga ya yi magana. Babu wanda ya tuhume ni, ai doka na bi. Falmata ma ba ta taɓa tayar da zancen ba. Bayan kwana biyu ta leƙo ta danga ta kira ni rijiya kamar kullum, muka tafi. Sai dai daga ranar ban sake jin kalmar Turanci ɗaya a bakinta ba, ko da kaji sun shiga shanya. Da ta zage ni, ko ta yi gaba da ni, da na samu sauƙi.

Na wuce sakandare, na wuce kwaleji, na dawo Gaya ina koyar da Turanci. Ita kuma da ta girma ta auri wani manomi a Toranke, mutumin kirki, suka haifi 'ya'ya biyar. Mukan haɗu a suna ko biki, wani lokaci a kasuwar Ajingi, ta rungume ni ta cika min leda da ƙuli-ƙuli. Duk haɗuwa sai na ɗaura niyyar neman gafararta, sai in ga mutane sun yi yawa, in ce sai wani jiƙon. Damunar bara waccan aka aiko cewa Allah ya yi mata rasuwa.

Da na je ta'aziyya, babbar 'yarta A'isha ce ta kawo min ruwa. Tana ajin ƙarshe a sakandare, kamarsu ɗaya da uwar. Halin malanta ya motsa, na tambaye ta karatu da Turanci. Ta yi murmushi ta amsa da Hausa. Na ce, "Ke kuwa ba kya Turanci ne?" Ta ce, "Ina yi, Anti. Umma ce ta ce in muna gaban wanda ya fi mu iyawa, mu yi Hausarmu, ya fi mana kwanciyar hankali." Na tambaye ta ko Umman ta faɗa musu dalili. Ta ce, "A'a, ta dai ce ke kika fi kowa iyawa a ajinsu." Na riƙe kofin ruwan na kasa sha.

Yaran yanzu suna kwaɓa Turanci da Hausa yadda suka ga dama, a waya da a aji, kuskure cike da baki, babu wanda gabansa ke faɗuwa. Abokan aikina suna ƙorafi wai an lalace, an daina tsoron malami. Ni in yaro ya yi kuskure, sai in amsa masa abin da ya faɗa tukuna, in maimaita jimlar daidai a cikin amsata, mu wuce. In na ji wata yarinya a bayan aji tana zuba Turancinta a karye tana dariya, nakan tsaya da alli a hannu in ƙyale ta ta gama, don muryar Falmata nake ji. Gyaran da na yi mata ranar daidai ne, amma da ma ban iya shi ba.