Baba Isiyaku, Mahaucin da Ya Ƙi Diyya

Ina tsaka da gyaran jarrabawar ɗalibai Hajiya Ladi, matarsa, ta aiko cewa Baba Isiyaku ya cika. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Unguwarmu Gardole ta rasa mahaucinta, ni kuma na rasa mutumin da ya fi kowa raina karatuna. "Malam Boko," yakan ce, "littafi ba ya ƙoshi, sai dai ya ci mai shi."

A shekarun da 'yan fashi suka addabi hanyoyin kudu, sun kama ƙanensa Ɗanlami da ya je sayen shanu. Suka aiko da yatsansa cikin tsumma. Baba ya juya shi, ya ce, "Da dakusasshiyar wuƙa suka yanke. Ya sha wuya." Ba a gama tattara fansa ba aka tsinci gawar, an yi mata yankan rago.

Da aka gane ɗaya daga cikinsu a kasuwar Habbena, jama'a suka fasa masa kai, suka rataya masa taya, ana neman ashana. Baba ya iso da wuƙarsa, aka dare masa, kowa na jiran ya rama. Sai ya tsaya a kan mutumin, ya ce, "Wanda ya ƙara taɓa shi, da ni zai yi. Alƙali nake so ya gaya masa abin da ya yi."

Dangin mutumin suka zo da dattawa da tayin diyya, yadda aka saba kashe magana a garin nan. Har limaminmu ya sa baki, don Ɗanlami ya bar marayu. Baba ya ce, "Ni nake sayar da nama, na san wanda ba a sa wa farashi." Wasu suka daina gaishe shi. Marayun kuwa shi ya riƙe su har suka girma.

Ni na yi masa tafinta a kotu, ina ta alfahari da Faransancina. Aka yanke wa mutumin ɗaurin rai da rai.

Shekarar da 'yan tawaye suka shigo gari aka fasa kurkuku, mutumin ya tsere. Na je na gaya wa Baba, bakina cike da falsafa. Bai ɗaga kai daga saran ƙashi ba.

"An dai gaya masa a gaban mutane, ya ji. Matsa, Malam, kana tare mini masu saye."

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haɗa shi da Ɗanlami a Aljanna. Allah Ya ba Hajiya Ladi da 'ya'yan gidajen biyu haƙuri, Ya tsare musu hanya. Amin.