Haddar Ƙamus

Sau biyu ina faɗuwa Turanci a jarrabawar gama sakandare. Baba ya ce na uku shi ne na ƙarshe: in na sake faɗuwa, zancen kwalejin horon malamai ya mutu, in zauna mu riƙe gona, tunda ni kaɗai ne ɗansa namiji. Ni kuwa na rantse sai na riƙe alli.

Na ari ƙamus wurin wani tsohon hedimasta a ƙauyenmu. Gidanmu gidan malamai ne, karatu iri ɗaya na sani: a rubuta a allo, a haddace, a wanke. Haka na yi wa ƙamus tun daga shafin farko. Sabon allo ma na nema, don Baba ya ce kada in kuskura in ɗora boko a kan na Alƙur'ani. Kai, na sha wuya! Kalma ɗaya sai ka ga ma'anarta ta cika rabin shafi, nan suna ce, can ta koma aiki. Akwai wadda ta cinye min mako guda. Ina noma ina rerawa, har maƙwabtan gona suka fara tambayar Inna ko lafiyata ƙalau.

Bayan wata uku, ina harafi na biyu, na je in biya wa hedimasta. Na durƙusa, na rufe ido, na yi ta zubawa. Dattijon nan ya yi dariya har da hawaye.

"Ɗan malam, wa ya ce maka ana sauke ƙamus? To, faɗa min da Turanci abin da ka ci da safe."

Koko ne da ƙosai, amma bakina ya ƙi buɗuwa. Wallahi ji na yi kamar in kifa masa littafin a ka. Na fita ko sallama babu.

Washegari na koma, don ban da inda za ni. Kullum bayan la'asar sai ya sa ni in ba shi labarin gona da Turanci, in rubuta, ya bi da jan biro. Ƙamus kuwa sai kalma ta tare min hanya nake buɗe shi.

Na zana jarrabawa karo na uku, sakamako ya fito da bazara. Da ƙyar na ci, amma na ci. Na sami Baba a gona yana baza taki, na faɗa masa. Ya ƙarasa baza wanda ke gabansa. Can ya miƙe da ƙyar, yana dafe da ƙugu.

"Alhamdu lillahi. Je ka ka shirya. Sauran takin ni zan kwaso."

A nan murnata ta tsaya, na ji kuka ya zo min.