Baturan Rediyon Kaka

Har yau in na ji unguwa ta yi tsit da rana tsaka, irin shirun da ko ɗan acaɓa ba ka ji, sai gabana ya faɗi. Jiya ma haka aka yi. Ina cikin duba littattafan ɗalibaina sai na lura mai injin markaɗe na bayan gidanmu ya kashe injinsa tun kafin la'asar, abin da ko rasuwa aka yi a layin ba ya yi. Na ce to, yau ƙasa na da wasa. Sai ga ni na koma tsohuwar unguwarmu ta Dutsen Alhaji, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, zaune a tabarmar ɗakin Kaka da littafi a cinyata.

Kakana na wajen uba tsohon hedimasta ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da lissafi da safe, da yamma ya rataya usur ya yi wa yara alƙalancin ƙwallo, kuma an ce a filin ya fi tsanani. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, Baba ya je gida ya ɗauko shi ya dawo da shi wurinmu. Likitan da ya duba shi a Gwagwalada ya kafa dokoki uku: ban da gishiri, ban da ɓacin rai, ban da firgita. Ya ƙara da cewa in jinin ya sake hawa irin na farko, ba lalle a iso asibiti da shi da rai ba. Wannan ta bayan labule na ji shi, lokacin da Baba ke faɗa wa Umma. Kai ma ka sani, abin da yaro ya ji ta bayan labule ya fi zama masa a kai fiye da abin da aka rubuta masa a allo.

Gishiri Umma ta iya da shi. Ɓacin rai kuwa kowa ya koyi tafiya a gidan kamar mage. Firgitar ce ta gagara, domin a daminar nan aka shiga gasar cin kofin duniya, kuma duk wanda ya taɓa kallon 'yan wasanmu ya san ba ƙwallo kawai suke bugawa ba, jarrabawar zuciya suke shirya wa ƙasa baki ɗaya.

Ranar wasan da za mu wuce ko mu dawo gida, Baba ya tsara dabararsa kamar mai shirin yaƙi. Ya kinkimi talabijin ya kai gidan maƙwabciyarmu, wata ma'aikaciyar jinya Bayarabiya da muke kira Anti, wadda ke zuwa kullum da yamma ta auna jinin Kaka. Ya zare baturan rediyon Kaka ya jefa su a gwangwanin madara, ya ɗora can saman kabad ɗin kwanukan Umma. Sannan ya durƙusa ya shaida wa mahaifinsa cewa an ɗage wasan sai gobe, rediyon kuma ta samu matsala. Kaka ya ce, "Allah Ya kai mu," da irin muryar da yake amsa wa ɗalibin da ya ce akuya ce ta cinye masa aikin gida.

Umma ta tafi barka Karu tun da hantsi. Ni aka bari da shi, aka ce in yi ta karanta masa littafi don in ɗauke masa hankali. Baba ya riƙe kunnena a bakin ƙofa ya ce in Kaka ya ji labarin wasan nan, ni zai tambaya, sannan ya wuce gidan Anti kallo.

An yi ruwa da azahar, rufin kwano yana ɗiga, ƙamshin jar ƙasa ya cika ɗakin. Ina karatu yana gyara mini, domin bakinsa ne ya karkace, kunnensa bai karkace ba. A hankali unguwa ta fara mutuwa. Mai gyaran takalmin da ke buga akwatinsa a layinmu ya ɓace. Injin markaɗe ya tsaya. Sai ga Bafulatanar da ke kawo mana nono ta leƙo da ƙwaryarta, ta gaida Kaka, ta ce, "Baba, yau garin nan ba kowa a hanya sai awaki. Wai duk sun tafi kallon ƙwallo." Dabarar da Baba ya yi ta ginawa tun safe, da jimla ɗaya ta rushe ta, ta auna mana nono ta wuce.

Kaka ya dai ce in ci gaba da karatu.

Ban ƙarasa shafin ba unguwa ta ɗauki ihu. Ka san gidajen Dutsen Alhaji, bango na jingine da bango, in mutum ya yi atishawa maƙwabci ne ke amsa masa. Ihun ya tashi ya kai ƙololuwa, sai ya karye a tsakiya ya koma nishi. Na ga hannun Kaka mai lafiya ya damƙe zanen gado. Ya ce, "Uwargida," don haka yake tsokanata, "wannan shiga ta yi ko turken raga ta daka?" Na ce ban san zancen da yake yi ba. Ya dube ni, na sunkuyar da kai.

Can sai aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Aka yi ta salati da zage-zage, janareto suka fara tari nan da can. Bayan wani lokaci sai wani ihu ya ɓarke, wanda ya fi na farko. Kaka ya yunƙura zai tashi, ya manta rabin jikinsa ba ya karɓar umarni, ya tafi zai kifa, na tare shi da kafaɗata. Sai muka ga fanka ta fara juyawa. Ashe ba ci aka yi ba, wuta aka kawo.

Na mai da shi kan matashi. Gumi ya keto masa, wata jijiya a gefen goshinsa tana harbawa, ina ganinta da idona. Maganar likita ta dawo mini kalma bayan kalma. In na ruga kiran Baba, na bar shi shi kaɗai. In na zauna, kowane ihu zai iya zama na ƙarshe da zai ji, kuma a hannuna.

Ya ja numfashi ya ce, "Uwargida, ubanki ya hana ni gani, amma bai toshe mini kunne ba. Alƙalin wasan da aka sa ya juya wa fili baya, shi ne zuciyarsa ke bugawa. In kina so in kai magariba, kawo mini baturana."

Ban san yadda aka yi na jawo turmi na kifa shi gaban kabad ba. Na dai san ina hawa ina lissafin wanda zan fi iya ɗauka, bulalar Baba ko gawar Kaka. Na sa baturan a juye sau biyu kafin rediyon ta yi magana.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau nake mamaki. Da mai sharhi ya fara ambaton wanda ke riƙe da ƙwallo da inda ya nufa, sai hannun Kaka ya saki zanen gado. Ya lumshe ido yana zana filin da yatsa a kan bargo. Kuma rediyo tana riga talabijin da kamar numfashi ɗaya, don haka kafin unguwa ta yi ihu shi ya riga ya sani, ihun ya zame masa tsohon labari. Da aka zura mana ƙwallon da ta kore mu, Dutsen Alhaji ta yi shiru kamar maƙabarta, shi kuwa cewa ya yi, "Mai tsaron bayan nan bai yi aikin gidansa ba." Ya nemi ruwa ya sha.

Baba ya shigo idanunsa jawur, Anti na biye da shi da abin awonta. Rediyo na kan ƙirjin Kaka tana ta sharhin yadda aka yi muka faɗi, turmi kuma na nan a kife gaban kabad. Baba ya dubi turmin, ya dube ni. Kafin ya buɗe baki Kaka ya ce, "Ni na hau na ɗauko."

Mutumin da sai an tallafe shi yake juyawa a gado. Amma wane ɗa ne zai dubi tsabar idon mahaifinsa ya ce ƙarya yake yi? Baba ya haɗiye maganarsa, ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba."

Anti ta naɗa wa Kaka abin awo ta matsa, ta saurara, ta ce, "Jinin Kaka ta hau kaɗan, amma ba wahala." Sai ta ƙura wa Baba ido, ta ce, "Oga, kai kawo hannu." Ta auna, ta sake aunawa, ta ce ya zauna kada ya motsa. Ranar a gidanmu mutum biyu suka ci tuwo da miyar da ba gishiri.

Kaka ya ƙara damina uku a duniya, ya rasu wata Talata da ba a buga komai ba.

Yanzu unguwa ba ta ihu da murya ɗaya. Wani na kallo a waya, wani a gidan kallo, ihun sai ya riƙa zuwa kashi-kashi, na wannan layin ya riga na wancan. Baba ne ya tsufa, yana zaune a gidana, kuma likitansa ya kafa masa dokokin nan uku ba ragi. Jiya da injin markaɗe ya tsaya, ƙanena ya bugo waya yana raɗa mini cewa in ɓoye rimot, in ce wa Baba an ɗage wasan. Na ce masa to. Na ajiye jan birona, na ɗauki abin awon jini da rimot ɗin, na je na zauna kusa da Baba na kunna masa. Hannuna na kan wuyan hannunsa har aka tashi, ina ƙirga bugun, ban ga ko minti ɗaya na wasan ba.

Da aka hura usur ya juyo ya dube ni, ya ce, "Ashe dai ke kika hau turmin nan." Na ce, "Baba, kana nufin Kaka ƙarya ya yi?"