Hannun Ƙarfe a Cikin Laya

Baffana tsohon soja ne na rundunar tankokin yaƙi. Da ya yi ritaya ya dawo Ƙofar Galadima, tsararrakinsa suka kama kiwon tumaki, shi kuwa ya kama tara bajo, ɗan ƙarfen nan da soja ke maƙalawa a goshin hularsa. Na rundunonin sulke kaɗai yake nema, na gida da na ƙetare. Ni kam tsiya nake masa, in ce, "Baffa, su ma haihuwa suke yi?" Ya ce Allah ya shirye ni.

Wata rana da hantsi ina zaune wurinsa a zaure, sai ga Gwaggo, wata tsohuwar maƙwabciyarmu, ido ya yi ja. Tun tana yarinya mahaifinta ya rataya mata laya a wuya, bai daɗe ba ya rasu. Da ita ta yi aure, da ita ta je Makka. Yanzu fatar ta cinye ta yage, kuma maimakon takardar addu'a, ƙarfe ta gani.

"Malam, an ce kai ka san ƙarafa," ta ce. "Hannu ne a jiki. In tsafi na rataya duk rayuwata, ina sallolina?"

Ta miƙo ƙarfen. Baffa ya karɓa, ya fita bakin ƙofa inda akwai haske. Ya juya shi, ya shafa bayansa da babban yatsa. Na leƙa: dunƙulallen hannu cikin safar ƙarfe, kibau sun kewaye shi, kambin sarauta a sama. Ban taɓa ganin Baffa ya riƙe wani abu da irin wannan ladabi ba.

"Hajiya, babanki ya je yaƙi?"

"An dai ce ya bi Turawa. Bai taɓa ba da labari ba."

"Wannan bajon sojan motocin sulke ne, na zamanin babban yaƙin duniya. Dubi yadda goshin ya suɗe, gugar kowace safiya ce. Ko nasa ne, ko wanda suka sha wuya tare ya cire daga hularsa ya ba shi. Ba a ba da wannan a banza. Babu tsafi a nan. Mutum ne ya dawo da ransa, ya kai wa baduku abin da ya fi so, ya ce a ɗinke wa 'yarsa."

Gwaggo ta zauna daɓas a kan tabarma. Ta daɗe tana kuka. Can ta miƙa hannu, Baffa ya ɗora mata da hannu biyu.

"Alhamdulillahi, sallolina suna nan," ta ce. Ta matse ƙarfen a ƙirji. "Shekara da shekaru ina cewa Baba bai bar mini komai ba."