Na Je Bawku Ganin Inda Nafisa Take Tara Yara

Daga Salaga zuwa Yendi

Ba a kira asuba ba na fito, domin motar Bimbila idan ta cika ba ta jiran kowa. Matata Adiza ta rako ni bakin zaure da tocila, ta miƙo mini ƙullin dafaffiyar doya da yaji. Abu ɗaya ta ce, in je in ga wurin da idona, in dawo in faɗa mata. Makonni kaɗan ke nan da aka bugo mana waya daga Bawku cewa 'yarmu Nafisa ta rasu bayan ɗan gajeren zazzaɓi. A ranar aka yi mata sutura, kuma a tsakiyar damina babu wanda zai tashi daga Salaga ya tarar da jana'iza a Bawku.

Ni sana'ata doya ce, kakannina kuwa goro suka yi fatauci. Boko ban yi ba, sai allo. Nafisa ce ta yi karatu har ta samu aiki a wani ɗakin karatu na jama'a a Bawku. Da dogon hutu ya zo muka ɗauka za ta dawo gida, sai ta ce ai lokacin ne aikinta ya fi yawa, yara za ta tara su yi ta karatu har a koma makaranta.

Hanya duk taɓo. Kafin Bimbila motar ta kafe, maza muka sauka muka tura, na koma kujerata da jar laka har gwiwa. Direban ya tambaye ni ko doya zan je dubawa, na ce masa a'a, ziyara ce. A Bimbila na sha koko da ƙosai, na sauya mota, muka shiga Yendi bayan la'asar.

Yendi

Na sauka wurin yayata Memuna, wadda Nafisa ta zauna a hannunta lokacin sakandare. Ba mu haɗu ba tun rasuwar. Da ta gan ni sai ta zauna a bakin ƙofa ta rufe fuska da gyale, ni kuma na tsaya da jakata a hannu har ta gama.

Ta yi mini tuwon zafi da miyar ayoyo, ta zauna tana kallona ina ci. Ta ba ni labarin yadda take aiken Nafisa niƙa, yarinyar ta biya ɗakin karatu na garin, ta dawo da gari a ka da littafi a hammata, ruwan tuwo ya riga ya ƙone. Ta ce kwanaki kaɗan kafin ciwon sun yi waya, muryar Nafisa a shaƙe, tana dariya wai karanta wa yara labari da ƙarfi ne ya cinye mata murya. Yaya ta so ta bi ni, amma gwiwoyinta ba za su ɗauki wannan hanya ba.

Daga Yendi zuwa Bawku

Da sassafe na hau motar Gushegu, daga can na samu wata mai zuwa Bawku ta Nakpanduri. Direban ya ce ba zai tsaya cin abinci ba, so yake ya shiga gari kafin lokacin dokar hana fita da aka sa saboda rikicin Bawku. A gangaren dutsen Nakpanduri sai ga ƙasa shimfiɗe a gabanmu kore shar, gero da dawa har iyakar gani. Na tuna Nafisa ma ta nan ta bi, ita kaɗai da akwatinta.

Bayan Garu shingayen sojoji suka yawaita. A ɗaya aka sauke mu duka. Wani soja matashi ya karɓi katin shaidata, ya tambayi abin da ya kawo mutumin Salaga Bawku. Na ce kabarin 'yata na zo gani. Ya dube ni, ya mayar mini da katin da hannu biyu, bai buɗe jakata ba.

Na sauka a unguwar Zongo, gidan da Nafisa take haya. Mai gidan, Malam Seidu, dillalin shanu ne, shi ya tsaya a kan jana'izarta. Ya ba ni makullin ɗakinta. Na buɗe, na ga sallayarta a naɗe da takalmanta a bakin gado, na rufe, na roƙe shi ya ba ni tabarma a zaure.

Bawku

Washegari bayan sallah Malam Seidu ya kai ni maƙabarta a babur. Ciyawa har ta fara fitowa a kan kabarin. Na yi mata addu'a, na daɗe a tsugune, shi kuma ya koma gefe ya bar ni.

Daga nan ya sauke ni a ɗakin karatun. Gini ne ƙarami, a gabansa bishiyar darbejiya, takalman yara jibge a ƙofa. Shugabar wurin, Madam Ateni, ta fito ta riƙe hannuna. Hausarta irin ta Bawku ce, mace da namiji duk "ya" ne. Ta ce, "Baba, Nafisa ya bar mu da aiki."

Ta shigar da ni. Yara ne zaune a tabarmi, kowa da littafi a cinya. Ta ce daga unguwanni daban-daban suke, har waɗanda iyayensu ba sa gaisawa a kasuwa. Ta ce al'adar Nafisa ita ce ba ta barin yaro ya ɗauki littafi da ka. Sai ta tsugunna ta tambaye shi me yake so, ƙwallo ko dabbobi ko jirgin sama ko labarin ban tsoro, sannan ta je kantar littattafai ta zaro masa. Bayan rasuwar Madam ta yi niyyar rufe shirin hutun, amma kullum da safe sai ta tarar da su a ƙarƙashin darbejiya suna jira, dole ta buɗe.

Da ta gaya musu ko ni wane ne, suka miƙe suka gaishe ni. Wata yarinya mai kimanin shekara sha biyu, Lamisi, ta matso rungume da littafi, ta durƙusa. Ta ce Anti Nafisa ce ta ba ta wannan, ta ce idan ta gama ta zo, akwai wani da ta tanadar mata, wanda ita ma ta karanta tana kamarta, kuma shi ta fi so a duniya. Ta gama, amma ba ta samu wanda za ta tambaya ba.

"Baba, kai ne babanshi. Wane littafi ne?"

Na kalli Madam, ta girgiza kai. Na ce wa yarinyar gaskiya, ban sani ba, ni ko sunan da ke bayan wanda take riƙe da shi ba zan iya karantawa ba. Ba ta yi kuka ba, ta dai ci gaba da durƙuso. Sai na fita waje na bugo wa Yaya Memuna. Ta ce ita ma ba ta san suna ba, amma akwai wani mai koren bango da Nafisa ba ta rabuwa da shi har wurin wanke-wanke.

Madam ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin teburin Nafisa, littattafanta ne na kanta da Madam ta ajiye don in tafi da su. Muka zazzage, yara suka ware masu koren bango, suka ƙara da na kan kantar littattafai. Suka yi tsibi. Lamisi ta dube su, ta ɗauki na sama, ta ce za ta karanta su duka, ai ɗaya daga ciki shi ne. Na ce wa Madam kwalin ya zauna a nan. Tufafinta kawai na kwasa daga ɗakin haya da yamma, Malam Seidu ya taya ni ɗaurewa.

Komawa gida

Ta hanyar da na zo na koma, na sake kwana a Yendi, na isa Salaga ana kiran magariba. Adiza ba ta bari na cire takalmi ba. Na faɗa mata kabarin, da ɗakin, da yaran. Da na zo kan maganar Lamisi sai ta sa na maimaita. Ta tashi ta shiga ɗakin Nafisa, wanda ba ta taka ba tun ranar da aka bugo waya. Na ji tana jan akwati. Ta fito da wani tsohon littafi mai koren bango, gefensa duk ya cinye, da tabon manja a kai. Mu biyu babu mai iya karanta sunansa, kuma ba mu da tabbacin shi ne.

Ta ce, "Alhaji, ka ba direba ya kai wa yarinyar. Amma ka bar mini shi zuwa Juma'a."

Na bar mata. Ranar Asabar na kai shi tasha da kaina, a naɗe cikin ɗankwali.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Yaya Memuna, da Malam Seidu da ya rufa wa 'yata asiri a garin da ba ta da kowa, da Madam Ateni da take buɗe wa yaran ƙofa kowace safiya. Allah ya jiƙan Nafisa, ya ba Bawku zaman lafiya.