Kunzes a Tagar Rigzin

Duk kwarin Zanskar, in aka ce mai baƙin baki ba sai an kama suna ba, Tundup mai alfadarai ake nufi. Sana'arsa kai baƙi tsohon gidan ibadar nan da ke manne a jikin dutse. Yana tafe yana zaginsu da harshen da ba sa ji, su kuwa suna washe baki suna ɗaukarsa hoto.

"Hau, buhun gari," haka yake ce wa mai tumbi. "Alfadarin nan bai kashe ubanka ba, amma hau."

Ni dai ban ga laifinsa ba. Mutumin da zai ɗare kan tarin duwatsun addu'a ya miƙe ƙafa yana cin biskit, ai zagi ma an yi masa da sauƙi.

In sun isa, Tundup ba ya wuce bakin ƙofa, don mai riƙe da mabuɗin ƙanensa ne, Lama Rigzin. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma ko ga maciji ba sa yi. A ƙauyensu babban ɗa ke gadar gida da gona, in ya yi aure kuma matar tasu ce shi da ƙannensa da ke gida, don kada a yanka gona. In an ga bakuna sun yi yawa, sai a miƙa ɗaya ga lamomi, masu zaman gidan ibada da ba sa aure. Rigzin aka miƙa, yana saurayi, ana gab da kawo Kunzes, amaryar Tundup. Aka aske masa kai, aka yafa masa jan mayafi, ba wanda ya tambaye shi ko yana so.

Tun daga nan gaisuwarsu ta zama baƙar magana.

"Yaya mai gona, yau ma ka kawo mana masu tattake mana tabarma?"

"Na kawo. Buɗe musu, Lama. Mai cin man shanun fitila ai sai ya yi aiki."

Tundup ya rantse ba zai taɓa taka ɗakin ƙanensa ba, kuma ya riƙe rantsuwar har ya yi furfura.

Sai Kunzes ta mutu, a tsakiyar hunturu. Aka ƙone gawa kamar yadda ake yi. Saura a daka ɗan ƙashin da ya rage, a kwaɓa da yumɓu, a danna a ma'aunin tagulla, ya fito ɗan curi mai tsini da bai kai dunƙulen hannu ba. Wannan aikin laman gidan ne. Dole, ƙanwar na ƙi, Tundup ya miƙa wa Rigzin ƙunshin ƙashin daga bakin ƙofa, fuska a gefe. Da curin ya fito yana ɗanye, Tundup ya danna babban yatsansa a gindinsa don ya riƙa gane shi. Aka jera shi cikin sauran a kogon da ke bayan gidan ibadar.

Daga nan kogon ya zama wurin hirarsa. Baƙi na ciki suna kallon zanen bango, shi yana tsugune gaban Kunzes yana kai mata ƙarar duniya: sha'ir bai yi ba, suruka, matar ɗansu, ba ta iya shayi ba, gishiri ya fi man shanu yawa a ciki. Ba shi da wani mai saurarensa bayan ita.

Wata bazara ya kawo ayari, ya zagaya kogon, sai ya tarar da gurbinta fayau. Ya ɗaga na dama, ya juya na hagu, babu mai shaidar yatsansa. Ya san baƙi na sa hannu a kogon nan, su jefa curi a aljihu su tafi da shi ƙasarsu su ajiye a kan tebur, ba su san uwar wani ko matar wani suka ɗauka ba. Tir!

Ya dawo a guje, ya kwance jakunkunansu daga alfadarai, ya zazzage a ƙasa. Safa, magunguna, kamfai, duk ga su a cikin ƙura. Baƙin suka fito suna ihu, wata mata har da kuka.

"Ɓarayin matattu! Ina matata? Wanda ya ɗauke ta sai na wurga shi kogi!"

Rigzin ya fito, mabuɗi na lilo a ƙugunsa. "Ka bar kayan mutane, Yaya. Ba su suka ɗauka ba."

"To kai ka sayar musu ke nan, maci amanar banza!"

"Tana ɗakina."

Ran nan Tundup ya manta da rantsuwa. Ya ture ƙanen nasa ya haye matakala, ya banka ƙofa. Ɗakin ba komai sai shimfiɗa da tukunyar shayi. Ga ta can a kan taga, an ɗora ta kan tsumma mai tsabta, da ƙaramar fitila na ci a gabanta.

"Wa ya ba ka izini?"

"Jiya wani ya cika aljihu da na kusa da ita, sai da na bi shi har gada," in ji Rigzin daga bakin ƙofa. "Kana ina lokacin? Kana can kana neman wasu ka kawo."

"Matata ce!"

"Da ba a aske mini kai ba, tawa ce ni ma." Ya tako cikin ɗakin. "Tare muka yi kiwon awaki da ita, kai ko sunanta ba ka sani ba sai da aka yi maka baiko. Ka ci gona, ka ci gida, ka zauna da ita har ta tsufa. Ni ƙashinta aka kawo mini in daka. Ka taɓa tambayar kanka yadda na yi na daka shi?"

Tundup ya fizge curin ya cusa a ƙirjin rigarsa, ya sauka ya bar baƙi na tsince kayansu.

Bai yi nisa ba ya tsaya. Ina zai kai ta? Ba a shiga da ragowar mamaci gidan masu rai, surukarsa ma ba za ta kwana a ciki ba. Kogo kuwa, gobe wani mai aljihu zai zo, kuma shi da kansa zai ɗauko shi a kan alfadari. Gaba kura, baya sayaki. Ya zauna kan dutse ya zagi baƙi, ya zagi iyayensa da suka yi rabon nan, ya zagi Rigzin har muryarsa ta dushe. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, duk kwarin nan babu inda za ta tsira sai tagar can.

Ya juya ya sake hawa. Ya tarar da fitilar na nan na ci gaban tsumman da babu komai. Ya ajiye ta a kai, ya juya shaidar yatsansa wajen bango.

"Ajiya ce, Lama, ba kyauta ba."

"Na ji. Ja ƙofar, iska za ta kashe mata fitila."

Har yau Tundup na kai baƙi, bakin nan kuma bai mutu ba. Sai dai in yana son ganin matarsa, dole ya hau matakalar nan ya ƙwanƙwasa wa ƙanensa ƙofa, ya tsaya har a buɗe. Yakan tsuguna gaban taga ya rasa ta cewa, don Rigzin na zaune a bayansa yana jan carbi, kuma ba ya fita.