Gawon da ya haihu a gonar ƙanena

Da aka raba mana gonar mahaifinmu a bayan Garwa, babban gawon ya faɗo a rabona. Na kewaye wurin da ƙaya don hana dabbobi shiga. Amma 'ya'yan da suke zuba bayan shinge, shanun ƙanena suke cinyewa, su kasayar da irin a gonarsa. Ƙwayar gawo kuwa ta fi tsirowa idan ta bi ta cikin dabba.

Bara nawa ya fara bushewa, babu tsiro ko ɗaya ƙarƙashinsa. Gonarsa kuwa ta cika da ƙananan gawo.

Ya ce, "Yaya, buɗe shingen, shanuna su kwana wajenka."

Na ƙi. Har yanzu nakan sake hanya don kada in ga ƙananan gawon nan.